Zagayen Ganuwar Zazzau A Kan Keke: Abin Da Mai Mota Ba Ya Gani

Duk mazaunin Tudun Wadar Zariya ya san tsakaninsa da Ƙofar Doka tafiyar 'yan mintoci ce. Dubban mutane ke ratsa wurin nan kowace rana, wasu a mota, wasu a kan babur, wasu cunkushe a Keke Napep, kowa hankalinsa na can inda ya nufa. Amma da za a tare su a tambaye su rabon da su ga ganuwar da ƙofar take jikinta, ban da ɗan guntun da ke bakin titi, na tabbata masu amsawa ba za su yi yawa ba. Muna alfahari da sunan Sarauniya Amina, mun raɗa shi wa makarantu da tituna da ɗakunan kwanan ɗalibai, alhali ginin ƙasar da ake jingina wa zamaninta yana narkewa a bayan gidajenmu, ba mu ko waiwaye.

A ganina rashin gani ne tushen wannan sakaci, domin abin da ido bai saba da shi ba, zuciya ba ta kishinsa. Shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili in yi magana a kan abin da mutane da yawa za su ɗauka wasan yara ne, wato hawan keke. Na shafe 'yan shekaru ina fita da keke da sassafe ranakun Asabar, ina zagaya birni da karkarar da ke kewaye da shi. Abin da na fahimta shi ne, ƙasar Zazzau tana da irin saurin da ake karanta ta da shi. Mai mota ya cika gaggawa, mai tafiya a ƙasa kuwa gajiya kan cim masa tun bai kai rabi ba. Mai keke ne ke tsakiya. Yana iya cin kilomita 12 zuwa 15 a sa'a ɗaya ba tare da ya jigata ba, ya tsaya inda ya ga dama, ya bi hanyar da mota ba ta shiga, ya yi sallama a amsa masa.

Darasi daga wani tsibiri

Kafin mu hau keken, bari in ɗan kai mai karatu nesa, don a ga yadda wasu suka riƙe irin abin da muke da shi. A Tekun Adiriyatik, wanda ya raba Italiya da ƙasashen Balkan, akwai wani tsibiri na ƙasar Kuroshiya mai suna Hvar. A shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu Girkawa daga tsibirin Paros suka sauka a can suka kafa gari, wanda a yau ake kira Stari Grad, wato tsohon gari. A bayan garin akwai wani fili mai albarka da tsawonsa bai wuce kilomita 6 ba. Girkawan nan suka auna shi, suka yanka shi gona-gona, kowane yanki kimanin mita 180 a faɗi da mita 900 a tsawo, suka shata iyakoki da jeren duwatsu, suka bar hanyoyi a tsakani.

Yau fiye da shekara 2,400 ke nan, kuma waɗannan iyakoki suna nan yadda aka shata su. Har yanzu inabi da zaitun ake nomawa a wurin, kamar yadda aka fara. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sanya filin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Baƙi daga ƙasashe daban-daban sukan je su yi hayar keke a gari, su bi waɗannan tsofaffin hanyoyin gona, su tsaya su sayi ruwa da abinci da man zaitun a hannun manoma. Babu dogon bene a wurin, babu fada mai ado. Gona ce da jeren duwatsu, sai kuma mutanen da suka ƙi yarda a rushe iyakar da kakanninsu suka tarar. Abin da ya kiyaye filin shi ne ba a daina amfani da shi ba, ba a daina bi ta cikinsa ba.

Mu a Zariya ba mu da teku, amma ba tekun ne ya sa aka san Stari Grad ba. Muna da ganuwa mai kewayen kilomita 14 zuwa 16, muna da Dutsen Kufena, muna da fadamun Kubanni da Galma, muna da gine-ginen ƙasa da masana gini na duniya suka yi rubutu a kansu. Duk waɗannan suna kusa da juna ta yadda mai keke zai iya haɗa su a fita ɗaya, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi.

Daga Agoro zuwa Kufena

Nakan tashi daga wajen Agoro da zarar gari ya fara wayewa, kafin manyan motoci su cika titi. Ita kanta Tudun Wada shafi ce ta tarihi. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan mulkin mallaka suka raba mazauna gida-gida: birni na Zage-zagi, Sabon Gari na ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, galibi daga kudu, Tudun Wada kuma ta 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birni ba. Wanda ya bi ta kan gadar Kubanni a kan keke, ya gangara ya haura, zai ji a cinyoyinsa dalilin da ya sa aka ce tudu, zai kuma gane cewa kogin nan shi ne iyakar da aka yi amfani da ita wajen raba Tudun Wada da Sabon Gari.

Ɗan karkatawa kaɗan yamma sai ga ginin Gaskiya, kamfanin da aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Alhaji Abubakar Imam na editanta. Duk mai rubutu da Hausar boko, har da ni da ke wannan shafi, akwai bashin wannan gida a kansa. Kusa da shi ga Kwalejin Barewa, wadda ta samo asali daga Kwalejin Katsina ta 1921, ta yi zama a Kaduna, sannan ta tare a Zariya a 1949. A cikin minti goma na tuƙin keke mutum ya wuce ta gaban wuraren da suka haifi aikin jarida da ilimin boko na Arewa.

Daga nan sai ganuwa. Wanda ya saba ganinta daga tagar mota ya ɗauka wani tudun jar ƙasa ne kawai. Sai ka sauka daga kwalta ka bi gindinta sannan za ka ga aikin da aka yi. Ƙasar da aka tara aka yi ginin daga nan gefenta aka haƙo ta, ramin da ya rage ya zama gwalalo, wato shinge na biyu ga maharin da ya zo a kan doki. Ta ciki akwai badala, inda maharba ke tsayawa. Waɗanda suka shata ganuwar ba su tsaya a bakin gidaje ba. Sun haɗa da gonaki da kududdufai da wurin kiwo, har da Dutsen Madarkaci, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, jama'a su sami abin ci da abin sha a ciki. Wannan tsarin gari ne na mutanen da suka yi tunanin yunwa da ƙishirwa tun kafin su zo.

Ƙofofin su ma kowace da inda take kallo da irin mutanen da ke bi ta cikinta: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Jatau, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Galadima da Ƙofar Bai. Yaran birni da yawa sun san sunayen a matsayin wurin da ake sauka daga mota, amma ba su taɓa jera su a ƙwaƙwalwa a matsayin zobe ɗaya ba. Keke ne ke mayar da su zobe.

Ta Ƙofar Kuyambana nakan fita in nufi Wusasa. Nan ne 'yan mishan da Dokta Walter Miller ya jagoranta suka koma bayan sun bar cikin birni a ƙarshen shekarun 1920, kuma nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Tsohon cocin Saint Bartholomew da ke garin da ƙasa aka gina shi, da hannun maginan Hausa, bisa salon bakan gizo irin na zaurukan sarakuna. Ko wane addini mutum yake bi, idan ya tsaya gaban ginin nan zai ga shaidar cewa fasahar magina ta ƙasar nan ta isa ta ɗauki kowane irin buƙatu.

Bayan Wusasa sai Dutsen Kufena ya tsaya maka a gaba. Da damina, idan dawa da masara suka kai kafaɗa, hanyar kan zama siririya tsakanin gonaki, raɓa na jiƙa ƙafar wando, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Da kaka kuma sai ka tarar an kafa buƙƙokin dawa, mata na sussuka, shanun Fulani na kiwo a karmami. A gindin dutsen da kewayensa akwai ragowar tsofaffin ganuwoyi waɗanda suka nuna an yi zaman gari a wurin tun da daɗewa, kuma masana binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi aiki a kansu tun shekarun 1970. Labarin da aka gada shi ne, a zamanin Bakwa Turunku, cikin ƙarni na 16, aka taso da cibiyar mulki daga Turunku, can kudu, zuwa wannan yanki. Sunan Amina ya fito a Tarihin Kano, ya kuma fito a Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma har gobe a wurare da yawa na ƙasar Hausa idan aka ga tsohuwar ganuwa sai a ce ganuwar Amina.

Idan ka jingina keke a ƙasa ka hau dutsen, ko da rabinsa ne, duk abin da malamin tarihi ya yi ta faɗa a aji sai ya fito fili. Ga dutse don tsaro da hangen nesa, ga fili mai ƙasar noma, ga rafuka, ga hanyoyin da suka nufi Kano da Katsina ta arewa, suka nufi ƙasashen Gwari da Nufe ta kudu. Ba sai an gaya maka dalilin da ya sa gari ya kafu a nan ba. Masu iya magana suka ce gani ya kori ji.

Komowa ta birni da fadama

A komowa nakan shiga cikin birni. A nan ma keke ya fi komai dacewa, domin lungunan birni an yi su ne don mai ƙafa da mai doki da mai jaki. Sunayen unguwanni kansu sun isa darasi: Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza. Zariya gari ne da aka sani da rimi, har matafiyi kan hango kawunansu tun daga nesa ya san ya iso. Yau sai ka yi ta neman rimin da aka sa wa unguwa sunansa, sau da yawa sunan kaɗai ya rage. Akwai kuma unguwar Babban Gwani, wadda ke tuna mana da Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Da ƙasa da azara ya ɗaga rufin da ɗaliban zanen gini a jami'o'in duniya ke nazarinsa. A ranar 11 ga Agusta, 2023, wani ɓangare na masallacin ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wannan rana ta isa ta koya mana cewa kula da tsohon gini magana ce ta rai da mutuwa, ba ta ado kaɗai ba.

Daga gabashin birni hanya kan gangara zuwa fadamar Galma, kogin da Kubanni ke zuba a cikinsa. Da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, nan kore ne shar: tumatir, albasa, attaruhu, alayyafo, karas, rake. Injinan ban ruwa na ta ƙara, samari na jan tiyo daga wannan fangali zuwa wancan. A nan ne za ka ga cewa keke bai mutu ba. Shi ne ke ɗauko kwandon tumatir zuwa bakin titi, shi ke kai taki, shi ke kawo abincin rana. Za ka ga tsohon keke wanda fentinsa ya goge tun tuni, an ɗaure kariyarsa da roba, an ɗora masa buhu biyu, mai shi na turawa a hankali.

Na lura da wani abu a irin waɗannan wurare. Idan ka zo a mota, manomi kan miƙe tsaye ya zuba maka ido, yana jiran ya ji ko filin aka zo aunawa. Idan ka zo a keke ka ce, “Sannu da aiki, Baba,” sai ya ce, “Yawwa Malam, sannu da zuwa,” ya nuna maka inuwa. A irin wannan zama ne dattawa suka sha nuna mini inda ganuwa ta bi a da, inda yanzu gidaje ne, da inda wata kuka ko ɗorawa take kafin a sare ta. Wannan ilimi ba ya cikin littafi, kuma duk dattijon da ya kwanta dama yana tafiya da nasa kason. Daga fadama sai in biyo ta Gyallesu da Kongo in dawo gida, rana ba ta riga ta yi zafi ba.

Yadda ganuwa ke mutuwa

Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: a riƙa yi masa yaɓe. A zamanin da, bayan kowace damina akan yi gayya, a raba wa unguwanni da garuruwa ɓangaren da kowa zai gyara. Da Turawa suka karɓe Zariya a 1902, yaƙin da ake gina ganuwa dominsa ya ƙare, gayyar ma ta bi shi. Tun daga nan ruwan sama ke cin rabonsa kowace shekara. Amma abin da ruwa ya yi cikin shekara ɗari bai kai abin da hannunmu ya yi cikin 'yan shekarun nan ba.

Ga abin da mai keke ke gani da idonsa. A wani wuri an fafare gindin ganuwa an ɗebi ƙasa don yin tubali ko cikon fili, sai saman ya rasa madogara, damina ɗaya ta kayar da shi. A wani wurin an fasa ta an yi hanya, domin masu sababbin gidaje sun gaji da zagaye. A wani wurin an jingina mata katangar gida, a wani wurin ma a kanta aka yi ginin. Gwalalon da aka haƙa don tsaron gari ya zama juji, leda ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya koma yana kwanciya a gindin ginin. Gonakin cikin ganuwa, waɗanda aka tanada don ranar ƙunci, an yanka su fuloti-fuloti.

Ba na zargin talakan da ya ɗebi ƙasa don ya rufa wa iyalinsa asiri. Jama'a ta ƙaru, kuɗin siminti ya fi ƙarfin mutane da yawa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya nuna masa inda iyakar take. Ganuwar Zariya da Dutsen Kufena suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Amma suna a takarda ba ya tare ruwa, ba ya hana diga. Abin da ke tsare wuri shi ne idon jama'a. Inda mutane ke wucewa safe da yamma, ba a haƙa rami a ɓoye. Nijeriya tana da wurare biyu a jerin UNESCO, Sukur a Adamawa tun 1999 da dajin Osun na Osogbo tun 2005. Maƙwabtanmu na Nijar sun shigar da tsohon garin Agadas, wanda shi ma ginin ƙasa ne, a 2013. Ba a sa wuri a wannan jeri sai an ga masu shi sun riƙe shi da kyau.

Yadda muka raina keke

Akwai lokacin da keke ke da daraja a ƙasar nan. Malamin makaranta, malamin gona, ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗan kasuwar ƙauye, duk burinsu su mallaki Raleigh ko Hercules, daga baya kuma Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo. Ango kan yi wa kekensa ado da fitila da madubi da ƙararrawa, ya goge shi da tsumma kowace safiya. Masu ba da hayar keke suna kowace unguwa, kuma da yawa daga cikinmu a wurinsu muka koya, muka sha faɗuwa. Da kuɗin man fetur suka shigo, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, sai babur ya ture keke, mota ta ture babur. A hankali keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Lokacin da Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a farkon shekarun 2000 ya yi kira a koma hawan keke, dariya aka yi ta yi masa.

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, dariyar ta ragu. Duk mai bin hanyar Samaru ko ta Kongo da safe ya ga yadda kekuna suka ƙaru, har da na ma'aikata masu manyan riguna. Masu faci da masu gyaran sarƙa da birki sun sami kasuwa. Tilas ce ta kawo wannan, amma abin da tilas ta kawo hankali na iya riƙe shi. A ƙasar Holan, wadda ba wanda zai kira matalauciya, manyan jami'an gwamnati kan je ofis a kan keke. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2018 ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Likitoci kuma kullum suna faɗa mana cewa hawan jini da ciwon sukari na ƙaruwa a tsakanin masu zaman ofis, kuma motsa jiki na cikin manyan matakan rigakafi.

Na san za a kawo hujjoji, kuma wasunsu masu nauyi ne. Za a ce titunanmu ba su da imani ga mai keke. Gaskiya ne, duk wanda tirela ta taɓa matse shi a hanyar Kwangila ko Ɗan Magaji ya san haka. Za a ce akwai matsalar tsaro. Wannan ma gaskiya ne, domin a shekarun baya-bayan nan masu garkuwa da mutane sun sha kai hari a gefen gari, kuma ba zan shawarci kowa ya kama hanyar Turunku shi kaɗai a kan keke ba. Amma waɗannan dalilai ne na a yi tsari, a fita cikin rukuni, da rana, da sanin masu unguwanni da dagatai. Za a kuma ce mutanen da ke fama da abin da za su ci ina ruwansu da tsohuwar katanga. Amsata ita ce, baƙon da ya zo ganin ganuwa zai sha koko da ƙosai, zai biya mai hayar keke, zai biya yaron da ya yi masa jagora, zai sayi hula ko ɗinkakkiyar riga, wadda Zariya ta yi suna a kanta. Manoman Stari Grad ba su rasa gonakinsu don an mai da su wurin tarihi ba, kasuwa ce ta zo ta same su har gona.

Abin da za a iya yi

Shawarata ta farko ita ce a shata hanyar keke da ta masu tafiya a ƙasa a gindin ganuwa, a duk inda sauranta yake tsaye. Ba sai an zuba kwalta ba. A share, a daddaɓe da tsakuwa, a gyara magudanar ruwa, a dasa itatuwa a gefen waje, ciki har da rimi. Hanyar nan za ta yi aiki biyu: ta ba ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa hanyar da tirela ba ta bi, ta kuma zama iyakar da kowa ke gani, wadda ba mai iya cewa bai san da ita ba. A fara da ɓangare ɗaya, misali daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kibo, a ga yadda za ta kaya.

Ta biyu, a kafa alluna a kowace ƙofa da gindin Kufena, da Hausar boko da ajami da Ingilishi, masu bayanin wurin a taƙaice. Sashen tarihi da na binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suna da masanan da za su tantance abin da za a rubuta, ɗalibansu kuma za su iya zama 'yan jagora, su tattara bayanan dattawa tun suna raye.

Ta uku, a farfaɗo da gayyar yaɓe, ko da sau ɗaya a shekara bayan ɗaukewar ruwa. Wannan aiki ne da ba mai iya kiransa ya amsu sai fada. Idan Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya sa baki, hakimai da masu unguwanni suka raba ɓangarori kamar yadda ake yi a da, tsofaffin magina suka nuna wa matasa yadda ake kwaɓa ƙasa da ɗora ta, za a tsare ginin, a kuma tsare sana'ar. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da gwamnatin Jihar Kaduna su kawo kayan aiki da kwashe shara, hukumar kayan tarihi ta sa ido kada gyara ya zama ɓarna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta huɗu ba ta jiran kowa. Makarantun sakandare da ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa su ware Asabar ɗaya a wata su yi zagayen. Makarantun 'yan mata ma su tsara nasu yadda ya dace da tarbiyyarmu, tare da malamansu, domin ba daidai ba ne a ce 'ya'ya mata ne za su fi kowa jahiltar ganuwar da ake kira da sunan mace. Abin da ake buƙata kaɗan ne: keke mai lafiyayyen birki, famfo da kayan faci, gorar ruwa, fita da wuri, da ladabin neman izini kafin a ratsa gonar mutum ko a ɗauki hotonsa.

Kakanninmu sun ɗauki ƙasar nan kwando-kwando a ka, ba injin ba mota, suka tara ta har ta zama abin da ya tsare gari ɗaruruwan shekaru. Mu ba a ce mu gina ba, an ce ne kawai kada mu rushe. Idan muka ci gaba da wucewa a guje, jikokinmu za su gaji sunayen ƙofofi ba tare da ganuwa ba, kamar yadda muka gaji sunayen rimaye ba tare da inuwarsu ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda yake da keke a jingine a zaure ya kaɗe masa ƙura, ya sa masa iska, ya je ya ga abin da ya rage tun yana nan. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.